Nazari: Yadda Talla Ya Bar Shafin Jarida Ya Shiga Wasanni Da Tituna

Fatake da 'yan kasuwar da ke sauka a Agege su nufi Idumota da safe ba sa isa kasuwa sai sun ci karo da tallace-tallace fiye da yadda za su iya ƙirgawa, ko da kuwa ba su buɗe jarida ba, ba su kuma kunna rediyo ba. Talla yana jikin motar da suka hau, yana kan turakun fitilun titi da gadojin masu tafiya a ƙasa, yana kan laimar mai sayar da katin waya da bangon gidan da ke bakin hanya. In dare ya yi aka zauna kallon wasan kwaikwayo, sau da yawa shayin da ɗan wasa ke sha da wayar da ke hannunsa ma kuɗi aka biya aka sa su a wurin. Wannan al'amari ba haɗuwar sa'a ba ne. Akwai dalilin tattalin arziki da ya kawo shi, kuma ɗan kasuwar da bai fahimci dalilin ba zai yi ta zuba kuɗinsa inda ba za su haifar masa da ciniki ba.

Da can talla yana da iyakarsa, kowa kuma ya san ta. Jaridar Iwe Irohin, wadda Henry Townsend ya kafa a Abeokuta a shekarar 1859, ita ce jarida ta farko a ƙasar nan, kuma tun a wancan lokaci tana buga sanarwar masu kaya da masu neman ma'aikata. A shekarar 1928 kamfanin UAC ya kafa West African Publicity domin tallata hajojinsa, wanda daga baya ya zama Lintas, sa'an nan a 1959 aka kafa Afromedia domin kula da allunan bakin titi. A wannan shekara ce kuma aka buɗe gidan talabijin na WNTV a Ibadan. A Arewa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fitowa a 1939, gidan rediyo da talabijin na Kaduna kuma ya soma aiki a 1962. A duk waɗannan kafofi talla yana da kusurwarsa a shafi, ko 'yan mintocinsa tsakanin shiri da shiri. Mai karatu ko mai sauraro ya san inda labari ya ƙare, ya san inda talla ya soma.

Sai dai kada a ɗauka cewa cuɗa wasa da ciniki baƙon abu ne da ya zo daga Turai. Gardi mai wasa da kura ko maciji a kasuwar ƙauye ba don Allah yake tara jama'a ba. Sai da'ira ta cika, hankali ya taru wuri ɗaya, sa'an nan ya buɗe jakarsa ya fito da layu da ƙulle-ƙullen magani. Wasan kyauta ne, amma wasan ne ya sayo masa idon jama'a, idon jama'a kuma ya sayar masa da magani. Abin da manyan kamfanoni suke yi a yau da biliyoyin Naira bai wuce wannan ba, illa dai da'irar ta faɗaɗa ta kai girman ƙasa.

Masanin tattalin arzikin nan na Amurka, Herbert Simon, wanda ya sami lambar Nobel a 1978, ya yi bayani tun a 1971 cewa idan labarai suka yi yawa, abin da zai yi ƙaranci shi ne hankalin mai karɓarsu. Wannan ita ce ƙa'idar da ta kamata a riƙe. Sa'o'in da mutum yake farke a yini ba sa ƙaruwa, amma masu neman ya dube su kullum ƙaruwa suke yi. Saboda haka hankalin jama'a ya zama haja, yana da farashi, ana saye ana sayarwa. Gidan rediyo mai zaman kansa ba shirye-shirye yake sayarwa ba, domin mai sauraro ba ya biyan ko kwabo. Masu sauraron ne yake tarawa ya sayar da kunnuwansu ga masu talla. Wanda ya gane haka ya gane rabin darasin.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan kasuwa a Nijeriya. Na farko shi ne dokar soja mai lamba 38 ta shekarar 1992, wadda ta kafa Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, ta kuma ba 'yan kasuwa damar mallakar gidajen rediyo da talabijin. Raypower ta soma aiki a Legas a 1994, AIT a 1996, Freedom Radio a Kano a 2003, daga nan kuma tashoshi suka yi ta ɓullowa a kowace jiha. Kafin wannan lokaci, mai talla da ya sayi minti ɗaya kusa da labaran ƙarfe tara na NTA ya tabbata ya sami galibin masu talabijin a ƙasar. Bayan haka jama'a suka rarrabu a tashoshi barkatai, kowa kuma riƙe da na'urar sauya tasha, da zarar talla ya shigo sai ya latsa ya wuce. Na biyu shi ne zuwan wayar salula. A watan Janairu na 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM a kan Dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta MTN da Econet suka soma aiki, Globacom kuma ta biyo baya a 2003. Waɗannan kamfanoni sun shigo da kuɗin talla irin wanda ba a saba gani ba, suna gasar fente kowane kiyos da laima da launinsu. Daga baya wayar da kanta ta zama akwatin kallo, ta ƙara janye ido daga jarida da talabijin.

Da mai kallo ya sami hanyar guje wa talla, sai mai talla ya nemi wurare iri biyu: inda ido ba shi da hanyar tserewa, da inda zuciya ba ta son tserewa. Na farko shi ne titi da tasha da cunkoson motoci. Na biyu shi ne cikin wasan kansa.

Shigar talla cikin nishaɗi hawa-hawa ta yi. A matakin farko kamfani yana ɗaukar nauyin shiri ne kurum, a ambaci sunansa a farko da ƙarshe. A Amurka kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne suka riƙa biyan kuɗin wasannin kwaikwayo na rediyo a shekarun 1930 domin su kai ga matan gida, har sunan sabulu ya bi irin waɗannan wasanni a harshen Ingilishi. A nan gida, wasan Cock Crow at Dawn da NTA ta nuna a farkon shekarun 1980 bankin UBA ne ya ɗauki nauyinsa, labarin kuma yana jan hankalin mutanen birni zuwa ga noma. A mataki na biyu kamfani ba ya jiran wani ya shirya, shi ne ke ƙirƙirar shirin ya sa masa sunan kayansa. Haka Nigerian Breweries ta yi da Gulder Ultimate Search a 2004 da kuma Maltina Dance All, haka MTN ta yi da Project Fame daga 2008. A mataki na uku kayan suna shiga cikin labarin kansa. Misalin da aka fi kawowa shi ne fim ɗin E.T. na 1982, inda yaro ya yaudari baƙon halitta da alewar Reese's Pieces, cinikin alewar kuma ya ɗaga bayan fitowar fim ɗin. A shirin Big Brother Naija, gasannin da ake ba mazauna gidan su yi galibi na kamfanoni ne, watau mai kallo yana kallon talla na tsawon sa'a guda yana kuma ɗaukarsa nishaɗi.

Akwai wani abin lura ga mai bin yanayin kasuwa. Jerin manyan masu ɗaukar nauyin wannan shiri yana nuna ɓangaren da ke da kuɗin kashewa a kowane lokaci: Payporte mai sayar da kaya ta intanet a 2017, kamfanonin caca Bet9ja a 2019 da Betway a 2020, sa'an nan kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya, Abeg a 2021 da Moniepoint a 2023. Gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Afirka ma haka sunanta ya yi ta sauyawa, daga MTN zuwa Orange, daga Orange zuwa Total a 2016. Bukukuwan gargajiya ba su tsira ba. Globacom ta daɗe tana ɗaukar nauyin bikin Ojude Oba a Ijebu-Ode da na Ofala a Onitsha, kuma wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu ya san yadda tutocin kamfanoni suke cika bakin kogi.

Masana'antar fina-finan Hausa ita ce wurin da tasirin wannan sauyi ya fi fitowa fili, kuma ta fi shafar masu karanta wannan shafi. A zamanin kaset da faifan CD, mai kallo ne ke biyan kuɗin fim, furodusa kuma yana ƙoƙarin gamsar da shi. Da satar fasaha da tura fim a waya suka karya wannan kasuwa, sai masu shiryawa suka koma ga fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta soma aiki a 2014. YouTube tana ba mai shiri kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka sa a bidiyonsa, amma farashin da masu talla ke biya domin mai kallo a Nijeriya ko Nijar ƙanƙani ne in an kwatanta da na mai kallo a Turai ko Amurka. Fim zai iya samun masu kallo miliyan guda amma kuɗin da ya shigo bai mayar da abin da aka kashe ba. Ala tilas furodusa ya nemi masu talla da kansa. Shi ya sa ake ganin an katse labari ana tsakiyar rikici domin tallan shagon atamfa, ko filaye, ko maganin gargajiya, ko kuma a kai jaruma wani kanti ta yi minti biyar tana yaba kaya alhali labarin ba shi da bukatar zuwanta can.

A nan ne asarar take, kuma ba ta furodusa kaɗai ba ce. Idan kuɗin shiri daga mai talla yake fitowa, wanda ake tsoron ɓata wa rai shi ne mai talla. Da wuya a ga fim ɗin da mai sayar da filaye ya ɗauki nauyinsa ya taɓo maganar yadda ake sayar da fili ɗaya ga mutum uku. Mai kallo kuma ba wawa ba ne. In ya lura labarin ya zama jakin ɗaukar talla, sai ya riƙa tsallake wurin, ko ya bar fim ɗin baki ɗaya, mai tallan da ya biya kuɗi ya tashi a tutar babu. Tallan da ya cinye wasan da ke ɗauke da shi ya kashe kasuwarsa da hannunsa.

Tarihin tallan sigari ya nuna wata fuskar. Lokacin da aka soma takura wa tallan taba a kafofin watsa labarai, kamfanonin ba su daina ba, sai suka karkata ga kiɗa. Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1990 za su tuna da manyan wasannin Golden Tones na Benson & Hedges. Sai da aka yi Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015, wadda ta haɗa talla da tallafi da ɗaukar nauyi ta hana su, sa'an nan aka toshe wannan kafa.

Batun titi kuwa ya fi sarƙaƙiya, domin akwai wanda ke biya ba tare da an tambaye shi ba. Mai bango ya karɓi haya, mai talla ya sami ido, amma mai wucewa da aka cika wa gani, ko direban da hasken babban allon lantarki ya ɗauke wa hankali da dare, ba ya cikin cinikin. Masana tattalin arziki suna kiran irin wannan da asarar da ke faɗawa kan wanda ba shi cikin yarjejeniya, kuma kasuwa ba ta gyara ta da kanta, sai hukuma ta sa baki. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sa kula da allunan talla cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Jihar Legas ta kafa hukumar LASAA a 2006 domin daidaita harkar, Abuja tana da sashen DOAS, jihohi da dama kuma sun kwaikwayi Legas. Birnin Sao Paulo na ƙasar Brazil ya ɗauki mataki mafi tsanani: ya yi doka a 2006, ta soma aiki a 2007, aka sauke alluna kimanin dubu 15 daga titunansa.

Matsalar irin waɗannan hukumomi a nan ita ce an ɗora musu ayyuka biyu masu karo da juna. Ana so su tsabtace gari, ana kuma so su tara wa gwamnati kuɗin shiga. Hukumar da ake auna ƙwazonta da yawan kuɗin da ta tara ba za ta yi ɗokin rage alluna ba. Daɗin daɗawa, rashin daidaito tsakanin jiha da ƙaramar hukuma kan mai hakkin karɓar kuɗin yana faɗawa ne a kan ɗan kasuwa. Masu manyan motocin da ke jigilar kaya tsakanin Arewa da Kudu sun san yadda sunan kamfani da aka rubuta a ƙofar mota yake zama dalilin tsayar da direba a hanya, a ce masa talla yake yawo da shi, a nemi takardar izini, wadda ya yanka a wata jihar kuma a ce ba ta aiki a nan. Wayar hannu ma sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta tilasta wa kamfanoni a 2016 su buɗe lambar 2442, wadda mai layi zai yi amfani da ita ya hana shigowar saƙonnin talla.

Dokar tarayya ita ma ta sauya, kuma da yawa daga cikin ƙananan 'yan kasuwa ba su lura ba. Hukumar APCON, wadda dokar soja mai lamba 55 ta 1988 ta kafa, ta fi mai da hankali ne ga rajistar ƙwararrun ma'aikatan talla. A 2022 aka maye gurbinta da ARCON, wadda ikonta ya kai ga tallan kansa a kowace kafa, har da intanet. Doka ta bukaci a gabatar da talla a tantance shi kafin a fitar. Daga ranar 1 ga Oktoba, 2022, hukumar ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan da aka nufi Nijeriya da shi, daga baya kuma ta ce masu barkwanci da masu ɗimbin mabiya a shafukan sada zumunta su ma sai sun nemi izini kafin su tallata kaya. Tallan magani da abinci yana bukatar amincewar NAFDAC. Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2025 ta tanadi tara mai nauyi da ɗauri ga masu kafa tsarin zuba kuɗi na yaudara da masu tallata shi. Rushewar CBEX a watan Afrilu na 2025, bayan darasin MMM na 2016, ta nuna dalilin wannan tanadi, domin irin waɗannan tarkuna ta bakin wanda aka sani aka kuma yarda da shi suke shiga gidajen mutane.

Saura lissafi, wanda shi ne aikin ɗan kasuwa. Masu sayar da gurbin talla suna auna farashi ne da kuɗin da ake kashewa kan kowane mutum dubu da ya gani. Ma'aunin yana da amfani, amma yana ruɗarwa. Alal misali, a ƙaddara wani mai sayar da takin zamani an yi masa tayin allo a wata mahaɗar hanya a kan Naira dubu 600 a wata, aka ce mutum dubu 30 ne ke wucewa kullum. Dillalin zai ninka da kwana 30 ya ce gani dubu 900 ke nan, watau kimanin Naira 667 kan kowane dubu, ya ce araha ce. Amma galibin masu wucewar mutanen jiya ne suke dawowa yau, saboda haka mutum dubu 30 ne ba dubu 900 ba. In kuma ɗaya cikin goma ne kawai yake noma, masu bukatar takin dubu 3 ne, kowane ɗaya ya tashi a kan Naira 200. A ƙaddara kuma wani shirin manoma a rediyo yana neman Naira dubu 200 a wata, masu sauraronsa dubu 10 ne kacal, amma rabinsu manoma ne. A nan kowane mai bukata ya tashi a kan Naira 40. Waɗannan lambobi na misali ne kurum, amma tsarin lissafin ba ya sauyawa: a raba kuɗin da yawan masu iya sayen kayan, ba da yawan masu ido ba.

Haka nan ya kamata a duba maƙwabta. Allo na farko a mahaɗar hanya kowa zai gan shi, na goma kuwa ya shiga cikin hayaniya, alhali kuɗin hayarsu ɗaya ne. Fim ɗin da ke ɗauke da tallace-tallace takwas a kashi guda ba ya ba kowanne daga cikinsu abin da zai ba biyu. Kafin a biya, a tambayi furodusa talla nawa ne za su shiga, a wane minti za a sa naka, ko akwai na abokin hamayya a ciki.

Ɗaukar fitaccen ɗan wasa ko mawaƙi a matsayin jakadan kaya yana da nasa haɗarin, domin sunan kamfani ya rataya ke nan a kan halin mutum ɗaya, in ya shiga abin kunya kayan ma sun shiga. Manyan kamfanoni suna kare kansu da rubutacciyar yarjejeniya, ƙananan 'yan kasuwa kuwa galibi da baki suke ƙullawa, a tura kuɗi ta waya shi ke nan. Takardar ta kamata ta fayyace tsawon wa'adin, da kafofin da za a yi amfani da hoton ko muryar, da hana jakadan tallata kaya irin naka na wani har wa'adin ya cika, da damar soke ciniki in wani abu ya ɓata masa suna. Ta kuma faɗi wanda zai nemo izinin ARCON, da na NAFDAC in kayan na ci ne ko na magani, da wanda zai biya tara in aka fitar da tallan ba tare da izinin ba.